Ƙamshi a Gidan Mai Fenti

Tun kafin ya buɗe ido ya san an buɗe ganga. Harshensa ne ke fara gaya masa, da wani ɗanɗano kamar ya tsotsi tsohuwar ƙusa. Daga nan idanu su ɗauki raɗaɗi, ƙeya ta yi nauyi, can kuma ƙirji ya fara matsewa a hankali kamar ana jan igiya. Baba Mai Fenti ya yunƙura ya zauna a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, yana jan iska da baki.

A tsakar gida surukarsa, matar babban ɗansa, wadda 'yan unguwa ke kira Mai Sabulu, ta jera shuɗayen ganguna uku daidai ƙarƙashin tagarsa, don nan ne inuwa ke daɗewa. Sabulun ruwa take haɗawa, da ruwan wanke banɗaki, da turaren fesa ɗaki. Ta ɗaura tsohon zane a ƙugu tana juya ganga ɗaya da doguwar sanda, kumfa na tasowa kore shar.

Ya leƙo daga bakin ƙofa, hannu a kan hanci.

"'Yar nan."

"Na'am, Baba. An tashi lafiya?"

"Da sauƙi. Da za ki taimaka ki ɗan matsar da gangunan nan can wajen famfo."

"Ayya, Baba, can ai rana ce. In rana ta doke shi tsinkewa yake, ya koma ruwa tsalala. Kuma wannan mai ƙamshin lemo ne, har kwanon jarirai da shi ake wankewa. Mai ƙarfin tun jiya na gama shi."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ita ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Takan durƙusa ta gaishe shi, ta kai masa shayi da zafinsa, ta tambaye shi ya jiki. Gangar ce kawai ba ta motsawa.

Ya koma ciki ya zura riga, ya ɗauki hularsa, ya ratsa tsakar gidan da sauri-sauri yana riƙe numfashi kamar mai nutso. Sai da ya kai bencin da ke gindin bishiyar bakin layi sannan ya saki iska. Ya dubi hannuwansa. Waɗannan hannuwa shekara talatin da ɗaya suna riƙe bindigar fenti a gareji, ba su taɓa barin ɗigo ya zarto a jikin motar mutane ba. Da su ya gina gidan da yanzu ba ya iya zama a cikinsa.

Da la'asar sakaliya ɗansa ya dawo. Akawu ne a ofishin wani kamfanin sufuri, mutum mai tsafta, kullum riga a goge, turare na riga shi shiga wuri. Ya tarar da uban a benci, ya rusuna ya gaishe shi. Baba ya amsa yana kau da kai gefe.

"Baba, ko ni ma warin nake yi?"

"Ba wari ba ne. Turaren ne ke kama mini ƙirji. Zauna daga can ƙarshe, magana za mu yi."

Akawu ya zauna, ya duba agogo. Baba ya faɗa masa abin da ya sha faɗa: ciwon kai, jiri, idanu, ƙirji. Ya ce ba sana'ar yake so a bari ba, wuri kawai za a sauya mata.

Akawu ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Baba, don Allah ka duba. Shekara talatin kana shaƙar fenti da tinar da ake tsinka shi da ita, ko ƙyalle ba ka ɗaurawa a hanci. Mu kanmu da warin muka tashi. Bai yi maka komai ba. Yanzu sabulun wanke kwano ne zai kayar da kai?"

"Shi ɗin ne ya yi mini. Jikin ne ya ƙoshi."

"Zaman banza ne, Baba. Tunda ka bar gareji ba ka da abin yi sai sauraren jikinka. Ita kuma yarinyar nan ƙoƙari take. Da sana'ar nan ake rufa wa gidan nan asiri, kai ma ka sani. In na ce ta daina, sai a ce mun hana ta neman na kanta."

"Ban ce ta daina ba."

"To, za a duba."

Za a duba. Baba ya ji kalmar nan har ya haddace yadda take fita daga bakin ɗansa, da yadda yake miƙewa yana kakkaɓe bayan wando in ya faɗe ta.

Autarsa ce ta kai shi asibiti. Malamar firamare ce, tana aure a ɗaya gefen gari, ɗaki biyu suke haya ita da mijinta. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa shi ya hura iska a wani bututu. Likitan ya jujjuya takardu ya ce bai ga wani abin tashin hankali ba, ya rubuta maganin ciwon kai da abin shaƙa. Wannan takarda ita ta zama makami a gida. Duk ranar da ya yi tari, sai Akawu ya ce, "Ai likita ma ya ce lafiyarka ƙalau."

Ranar da suka koma karo na uku, wata nas mai furfura a goshi ta bi su har baranda.

"Baba, aikin me ka yi?"

"Fentin mota."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar da take jira. "Akwai irinku. Gwaji ba ya cika nuna abin, mu ma ba mu gama gane kansa ba, amma muna ganin masu shi. Suna haɗuwa duk Laraba da hantsi a bayan ɗakin masu ciwon ƙirji, ƙarƙashin bishiyoyi. Ka je. Kada ka sa komai mai ƙamshi."

Auta ta yi dariya, karo na farko a ranar. "Wannan kam ba sai an gaya masa ba."

Ranar Laraba ya je. Mutum tara ya tarar, a kan kujerun roba da aka jera nesa-nesa da juna. Shugabarsu wata mace ce mai jiki, wadda ta yi shekara ashirin tana gyaran gashi a shago har man gashin ya kore ta daga shagon nata. Akwai wani siririn mutum da ya yi aikin feshi a gonaki, akwai wata da ta tsufa tana goge benen ofisoshi.

"Sannu da zuwa ƙungiyar masu dogon hanci," in ji Shugaba. "Mu nan in an buɗe kwalbar turare a ƙofar asibiti, za mu gaya maka sunan kamfanin."

Aka yi dariya, rabinta tari.

Baba ya fara bayani a ɗarare, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Da ya zo kan ɗanɗanon ƙusa a harshe, Mai Feshi ya ɗaga hannu.

"Ni nawa kamar na tauna kwabo."

"Ni kuma ƙeya ce ke fara nauyi," in ji mai goge bene. "An ce maka raki ne?"

"An ce zaman banza ne."

"To kai an mutunta ka. Ni cewa aka yi ƙyuya ce."

Baba ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon takalminsa. Wata takwas yana zargin kansa ko hankalinsa ne ya fara taɓuwa. Ya share ido da gefen hula, ba wanda ya yi kamar ya gani.

Suka ba shi takunkumi mai gawayi a ciki, da sandar sabulu fari marar ƙamshi, da takarda shafi ɗaya wadda likitan ƙirji ya sa wa hannu. Abin da ke ciki ba shi da yawa: ɗakinsa ya samu iska, kada a fesa komai a inda yake kwana, a wanke kayansa daban, a nisanta sinadarai daga gidan. Shugaba ta rubuta lambar wayarta a ƙasa.

"Magani dai ba mu da shi," ta ce. "Abin da ya fi taimakonmu shi ne mutanen gida su yarda. In suka yarda, rabin ciwon ya tafi."

Akawu ya karanta takardar a tsaye, ya juya bayanta ya ga ba komai, ya sake karantawa.

"Wannan ai ba wuya," ya ce.

Kwana huɗu ba a buɗe ganga ba. Baba ya yi barci har ya yi mafarki. Ya ci abinci ya ji ɗanɗanonsa. Rana ta huɗu har ya ɗauko guduma ya gyara ƙafar kujerar da ta yi shekara tana gurguwa.

Rana ta biyar wani otal ya aiko da odar sabulu. Gangunan suka dawo, sun zama biyar.

"Na mako biyu ne kawai, Baba," in ji Mai Sabulu tana durƙushe. "Irin wannan kwastoma in ka sake shi ba ya dawowa. Ka sa abin hancin nan naka mana, ba don haka aka ba ka shi ba?"

Ya sa. Takunkumin na taimakawa na awa ɗaya, biyu, sannan ƙamshin ya sami hanya. Ya shiga labule, ya shiga katifa, ya shiga burodi. Mako biyu ya zama wata.

Wata Asabar Akawu ya zo masa da fara'a.

"Baba, mun samo mafita. Ɗakin baya, wanda muke ajiye kaya. Ya yi nisa da tsakar gida. Mun kwashe komai, mun gyara maka shi tsaf. Zo ka gani."

Tun daga lungu Baba ya tsaya cak. Ba sai ya shiga ba. Fentin mai ne, an tsinka shi da fetur don ya yi auki, an shafa shi jiya ko shekaranjiya. Bango na ƙyalli, ruwan madara. Tagar ɗakin kuwa ba ta fi faifai ba.

"Fenti kuka yi?"

"Har shafi biyu. Da kaina na tsaya a kan mai aikin."

"Ba zan iya kwana a nan ba."

Fara'ar ta zube daga fuskar Akawu. "Baba, wai me kake so mu yi? An bar ka a ɗakinka, ka ce sabulu. An gyara maka wani, ka ce fenti. Fenti fa, Baba! Kai da sunanka ma Mai Fenti!"

Daga bayansu Mai Sabulu ta ce a hankali, "Ni dai na san ba a son sana'ar nan tawa ne. Da an fito an faɗa, da ya fi."

Baba ya buɗe baki, sai tari ya riga magana fita. Ya juya ya bi bango ya fice.

Tun daga nan bencin bakin layi ya zama ɗakinsa. Yakan fita da sassafe da butarsa da 'yar radiyo, ba ya komawa sai an rufe ganguna. A masallaci ya daina shiga sahu, yana shimfiɗa dardumarsa a waje ta inda iska ke kaɗawa, saboda turaren jama'a. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Masu wucewa suka fara magana, maganar ta zaga ta dawo kunnen Akawu.

"Baba, kana zubar mana da mutunci. Mai shagon kan kwana tambayata yake wai ko mun kore ka ne. Mutum da gidansa, ya wuni a titi da ƙyalle a fuska kamar mai wata muguwar cuta?"

"A nan nake samun numfashi."

"To ka riƙa cire abin nan in mutane na wucewa."

Shugaba ta yi alkawarin zuwa ta yi wa mutanen gidan bayani da bakinta, ta kuwa cika. Mai Sabulu da ta ji za a yi baƙuwa ta share falo, ta goge, ta feshe shi lungu-lungu da turarenta mafi tsada. Shugaba ta yi sallama, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta ja baya kamar an mare ta. A bakin layi ta zauna kusa da Baba, idanunta jawur, tana lalubar abin shaƙa a jaka.

"A nan kake kwana?" ta ce da ta samu magana.

"A nan."

"Allah ya kawo maka ɗauki. Ka ce su fito, a nan ma zan iya yi musu bayani."

Ba su fito ba. Ta cikin katanga Baba ya ji surukarsa na gaya wa maƙwabciya, "Ashe su da yawa ne. Ƙungiya guda, suna koya wa juna."

Da damina ta kankama, mura ta kama shi. Hancinsa ya toshe ɗam, ko warin kwata ba ya ji. A makon ne Mai Sabulu ta zo ta durƙusa ta ce ta mayar da aikinta gidan wata ƙawarta. Ya leƙa, ya ga tsakar gida wayam, sai zagayen da gindin ganguna ya bari a siminti. Ya sa mata albarka har sau uku. Ya ji kunyar duk abin da ya taɓa rayawa a ransa game da ita.

Ranar Asabar bayan azahar hadari ya haɗu. Akawu da kansa ya shigo ya rufe masa taga don kada feshin ruwa ya jiƙa gado, ya ja masa ƙofa.

"Ka huta, Baba. Yau dai ba ganga, ba komai."

Ya kwanta yana jin ruwa na dukan kwano. Rabonsa da kwanciyar rana a gadonsa har ya manta.

Ƙusar ce ta tashe shi. Tana kan harshensa, ta fi ta kullum tsatsa. Ya ce a ransa ba zai yiwu ba, ai an kwashe. Ya ja iska, ta tsaya a maƙogwaro. Ya sake ja, sai wani siririn fito kamar na buta. Ya miƙa hannu wajen abin shaƙa, ya ture shi, ya ji ya gangara wani wuri. Ya zamo daga gado, ya ja jiki da gwiwar hannu, ƙofar da ke taku uku ta koma kamar ƙarshen unguwa. Ya so ya kira ɗansa, ba iskar da zai kira shi da ita. Da goshi ya tura ƙofar. Abu na ƙarshe da ya sani shi ne sanyin ruwan sama a ƙeyarsa, da ihun surukarsa tana kiran mijinta.

Ya farfaɗo da roba a fuska, iska mai sanyi na shiga masa hanci da kanta. Fitilar silin fara fat. Aka ce masa ya kwana biyu.

A rana ta uku da hantsi Auta ta shigo da jakar kayansa. Akawu da matarsa na zaune a gefen gado. Ba ta gaishe su ba. Ta ajiye jakar, ta zaro wata 'yar roba mai faɗi daga leda, ta ɗaga ta. An wanke ta, amma gefenta ya yi fari, ya ci.

"Yaya, mene ne wannan?"

Akawu ya dubi ƙasa.

"Na durƙusa neman abin shaƙarsa, na same ta a ƙarƙashin gado, daidai saitin kansa. Rabinta ruwan wanke banɗaki, wanda ba a tsinka ba. Ni da lafiyata sai da idona ya yi ruwa. Wa ya sa ta?"

"Ki rage murya, asibiti ne."

"Wa ya sa ta, Yaya?"

Mai Sabulu ta fashe da kuka. "Wallahi ba da mugun nufi ba ne. Cewa muka yi in bai ga ganga ba, bai ji ƙamshi ba, ba abin da zai same shi. Sai da safe mu fito da ita mu nuna masa, mu ce ka gani, Baba, ka kwana da ita lafiya. Don hankalinsa ya kwanta ne. Don ya warke."

"Muka? Ke da wa?"

Baba ya tuna hannun da ya rufe taga, ya ja ƙofa. Ya lumshe ido.

"Gangunan fa?" in ji Auta.

"Suna ɗakin baya," Akawu ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Nas mai furfura ta leƙo ta ce masu dubiya su rage hayaniya. Ta dubi robar, ta dubi fuskokinsu, ta gyara wa Baba bututu, ta fita.

Akawu ya matso ya durƙusa a gefen gado. Idanunsa sun kaɗa. Baba ya ga yaron da ya taɓa ɗauka a kafaɗa, ya ga kuma mutumin da ya rufe tagar, duk a fuska ɗaya.

"Baba, ka yafe mana. Yanzu kam mun yarda. Wallahi mun yarda. Da ba mu gwada ba, da har yanzu ba mu sani ba."

Baba ya ɗaga hannu ya janye robar daga bakinsa. Muryarsa ta fito kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Na gaya muku."

"Eh, ka faɗa, Baba, amma..."

Baba ya jira ƙarshen maganar. Ya ba shi lokaci. Ba abin da ya biyo bayan amma ɗin. Ya mayar da robar.

Ranar sallama likitan ƙirji ya kira su duka. Ya ce tsohon nan ba zai koma inda ake ajiye sinadarai ba, ko a rufe suke. Akawu ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce ai dole, ai ba ma sai an faɗa ba. Da suka fito baranda ya ja Auta gefe, amma ba nesa yadda uban ba zai ji ba.

"Ki riƙe shi a wajenki na ɗan lokaci. Akwai kayan da aka riga aka haɗa, ba yadda za a yi a zubar. Da an gama fitar da su za mu nemi shago, a wanke gidan, a sauya katifa. Mako uku, in ya yi yawa wata."

"Ɗaki biyu gare mu, Yaya. Shi kuwa gida gare shi."

"Na sani. Ki dai yi haƙuri. Za a duba."

Baba na zaune a bencin baranda, jakarsa a kan cinya. Bai yi fushi ba. Fushi ma ƙarfi yake so, shi kuwa nasa duk ya tafi wajen jan numfashi. Abin da yake juyawa a ransa ɗaya ne. Wata goma sha ɗaya yana faɗa da bakinsa, da hankalinsa, a cikin gidansa, ga 'ya'yan da ya koya wa magana. Ya kawo takardar likita, ya kawo mai shaida. Duk ba su isa ba, sai da aka gan shi kife a cikin ruwa. Da ƙafa ce ta karye, da tun ranar farko an kawo masa sanda. Da jini ne ya zuba, da an kwana a kansa. Nasa ciwon ba ya nuna kansa, don haka aka mayar da shi mai ƙarya, aka yi ta gaishe shi da ladabi ana kashe shi da kaɗan-kaɗan. Kuma ko yanzu da aka yarda, ba ganga aka fitar daga gidan ba. Shi aka fitar.

Auta ta dawo, ta karɓi jakar, ta rataya. Ta ce mijinta ya riga ya kwashe kujerun falo, ya shimfiɗa katifa kusa da taga, ita kuma ta tattara man shafawarta da turarukanta ta ba maƙwabta.

"Duka?" in ji Baba.

"Duka. Ka ce suna cutar da kai."

Ya dube ta. A wajenta maganar ta ƙare a nan. Ta miƙa masa hannu, ya kama, ya miƙe a hankali.

Akawu ya biyo su har bakin ƙofar asibiti, yana ta cewa zai zo ranar Lahadi, zai kawo sauran kaya, Baba ya faɗi duk abin da yake buƙata.

Baba ya tsaya, ya ɗan huta, sannan ya juyo.

"Ka kawo mini gudumata da radiyo. Makullin gidan kuma ka riƙe. In kun gama dubawa, ka zo ka gaya mini, in ina nan."